Kada Ki Koma Bakin Famfo

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Walida 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya a garin da aka tura ki bautar ƙasa. Allah Ya tsare hanya, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki da mutunci.

Za ki yi mamakin ganin takarda a jakarki daga wadda ɗakinta ke kallon naki. Na gwada faɗa miki da baki, amma kin san halina. In na ɗauko magana sai na tsaya tambayarki ko kin gane, ko na faɗa daidai, har maganar ta watse ba a kai ko'ina ba.

Ranar Talatar nan ina tsintar shinkafa a tsakar gida kika yi alwalar la'asar. Kin gama, kin miƙe, har kin kai ƙofar ɗaki, sai kika tsaya kina duban gwiwar hannunki. Kika koma bakin famfo kika sake daga farko. Da kika waiwayo don ki ga ko ina kallonki, na sunkuyar da kai cikin faranti. Amma na gani. Na kuma daɗe ina ganin yadda kike jijjiga kwaɗon akwatinki bayan kin kulle shi. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba, domin na san wannan tsayuwar ta bakin ƙofa. A cikinta na ƙarar da rayuwata.

Nawa ya faro ne bayan haihuwarki, ina wankan jego a gidanmu na Darmanawa. Kin san jariri da fitsari, zani ba ya daɗewa a jikin mai jego. Wata rana bayan na yi arba'in, na idar da azahar ke nan sai wani tunani ya faɗo mini: anya zanin nan ba shi kika jiƙa da safe ba? Na duba, babu komai. Na sunsuna, ƙamshin sabulu kawai. Amma ƙirjina ya ƙi kwanciya. Na canza zani na sake sallar, ina yin sallama wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har ciki. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Wannan sanyin shi ya cuce ni, Walida. Zuciya ta koyi cewa duk sa'ad da tsoro ya taso, maganinsa a koma a sake. Washegari tsoron ya dawo da ƙarfinsa, na sake biya masa. Sanyin da a farko yake kai ni har magariba, ya koma ba ya kai ni bakin ƙofa. Daga zani abin ya koma alwala, daga alwala ya koma niyya, in ɗaga hannu in sauke, in ɗaga in sauke, ban yi kabbara ba. Daga nan ya fita daga salla ya shiga tukunyar gas da kwaɗon ƙofa da dutsen guga. Saboda haka ga maganata ta fari. Idan kin gama abu, shakka ta zo daga baya, ki wuce. Ƙirjinki zai yi zafi, tafin hannunki zai yi gumi, za ki ji kamar kin aikata babban laifi. Ki bar shi ya yi. An gaya mini yana hawa ne ya sauko da kansa in ba a biye masa ba. Na ce an gaya mini, domin ni ban taɓa iya jira in gani ba.

Kuskurena na biyu shi ne na bari aka sa wa ciwon suna mai kyau. A layinmu ana cewa, "Malama Binta akwai tsafta, akwai tsoron Allah." 'Yan garuwa sun san gidanmu fiye da kowane gida, in famfo ya ɗauke su kan fara tsayawa a ƙofarmu. Mata su shigo su ga tsakar gida yana ƙyalli, su yi ta yabo. Ni kuma ina ɓoye hannuwana cikin mayafi saboda sun tsattsage da sabulu. Yabon ya yi mini daɗi, ya kuma rufe mini baki. Wa zai ce yana da ciwo bayan an ce masa waliyyi?

Lokacin ina koyarwa a firamare a Tarauni, kuma ina son aikin, yara suna sona. Sai ya zama in na hau adaidaita sahu, kafin mu yi nisa tunanin gas ya zo. In ga wuta ta kama labule, in ga hayaƙi yana fita ta taga, kamar a gabana ake yi. In ce wa direba, "Malam, tsaya nan, na yi mantuwa." In koma gida a ƙafa, in tarar da komai a kashe, in taɓa makunnin in sake taɓawa, in fito, in kai bakin titi, in koma. Ajina ya zauna babu malama har a fita tara. Hedimasta dattijo ne mai kawaici. Ya kira ni ofis ya ce, "Malama Binta, ko akwai wata damuwa a gida? Ki faɗa mini, mu san yadda za a yi." Na ce lafiya lau, hidimar yarinya ce. Da abin ya yi yawa na ajiye aikin da kaina, na ce wa mutane zan zauna in kula da tarbiyyarki. Nan ma aka yabe ni. Inda za ki je babu wanda ya san ki. Idan wani mai hankali ya tambaye ki ko akwai damuwa, kada ki ce lafiya lau. Ki duba mutum ɗaya mai riƙe sirri ki faɗa masa abin yadda yake, ko da kunya za ta kashe ki.

Abbanki, Allah Ya jiƙansa, shi ya fara ɗaukar nauyin. Tunda na daina yarda da idona, sai na ari nasa. "Abban Walida, ka ga na kulle?" Ya ce ya gani. "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Da fari har dariya yake yi, yana ce mini sarkin bincike. Shekaru suna tafiya dariyar ta ƙare. Wata safiya zai kai mu suna, ya tayar da babur, ke kina zaune a gabansa, ni ina bakin ƙofa ina ja da kwaɗo. Na tambaye shi, ya amsa. Na sake tambaya. Sai ya kashe babur ɗin ya dube ni ya ce, "Binta, idona da naki iri ɗaya Allah Ya yi su. In ba ki yarda da naki ba, nawa ma ba zai ishe ki ba. Na gaji." Bai ɗaga murya ba. Daga ranar in na tambaye shi sai ya yi shiru. Bai sake ni ba, bai taɓa zagina ba, amma ya koma zaman majalisa da abokansa, gida sai cin abinci da barci. A lokacin na ɗauka rashin tausayi ne. Yanzu na gane gaskiya ya faɗa, ni ce ba ni da inda zan ajiye ta.

Da ya janye sai na juyo kanki. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, kuma kin fi kowa saninsa, tunda a kanki aka yi. Ba ki daɗe da shiga firamare ba na fara kiranki daga wasa. In zaunar da ke gefen sallaya in ce ki ƙirga mini raka'a. In na ɗago daga sujada in ji 'yar muryarki, "Mama, biyu, saura biyu." In zan yi alwala ki tsuguna ki zuba ido, in na gama ki ce, "Ko'ina ya jiƙe." Ƙawayenki suna 'yar gala-gala a waje, ke kina gadin uwarki. Wata rana na sallame na tambaye ki nawa na yi, kika ce, "Ban gani ba, Mama, kyanwa nake kallo." Na mare ki. Ba ki yi kuka ba, kika dafe kunci kina kallona. Tun daga ranar ba ki ƙara ɗauke ido ba. Na yi ta jin daɗi wai na sami yarinya mai natsuwa, ban san abin da nake koya miki ba. Na koya miki cewa in ba a sa ido ba wani mugun abu zai faru, kuma laifin mai sa idon ne. Yaro ba ya jin wa'azin iyayensa kamar yadda yake jin tsoronsu. Wata likita ta ce mini irin wannan ciwon yakan bi jini. Wataƙila. Amma in ma jini ne ya kawo irin, ni na yi masa ban ruwa kullum.

Ki ji ni da kyau. Kada ki mai da kowa shaidarki. Ba ƙawar ɗakinki ba, ba mijin da za ki aura ba, ballantana ɗan da za ki haifa. Duk wanda ya ce miki "na gani" ya ba ki sauƙin ɗan lokaci ne, ya ƙara wa ciwon ƙarfi, shi kuma kin ɗaure shi. Mutum yana iya ƙaunarki ya gaji da ke, duka a zuciya ɗaya. Na ga haka a fuskar Abbanki, kuma wani lokacin ina gani a taki.

Ba wai ban nemi taimako ba. Na je wurin limamin masallacin layinmu, mutum mai ilimi da sauƙin kai. Na zauna daga bakin zaure na faɗa masa komai, har da abin da ban taɓa faɗa wa Abbanki ba, wato munanan tunane-tunane da suke faɗo mini a tsakiyar salla, irin waɗanda harshe ba zai iya maimaitawa ba. Ina kuka na ce ina tsoron na fita daga addini. Ya ce, "Malama, da ke kika kira tunanin nan, da ba ki zo nan kina kuka ba. Abin da ya faɗo wa mutum ba da sonsa ba, ba a kama shi da shi. Mai waswasi hukuncinsa daban ne. Ki yi alwala sau ɗaya, salla sau ɗaya, ko zuciyarki ta ce ba su yi ba, sun yi." Na fito kamar sabuwar haihuwa. Kafin mako ya zagayo na koma, domin ina shakkar ko na yi masa bayani daidai. Na sake komawa. A ƙarshe ya ce, "Na ba ki amsa, kuma ba za ta canza ba. Zuwan nan da kike yi ma waswasin ne. Kada ki ƙara kawo mini wannan tambayar." Na ji haushinsa, na tafi neman wani malamin. Dangi kuma suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, na sha abin da aka ba ni. Babu abin da ya motsa.

Na daɗe ina tunanin me ya sa amsa ba ta zama a kaina. Abin da na gano shi ne, sanin abu daban, jin cewa ka sani daban. Ina sane sarai na kashe gas. Idona ya gani, hannuna ya taɓa. Abin da ya ɓace mini shi ne ɗan wannan jin da yake ce wa mutum "shi ke nan, tafi." Sauran mutane ba su fi ni tabbas ba. Matar da ta fita kasuwa ba ta da hujjar da ta fi tawa cewa gidanta ba zai ƙone ba, tafiya kawai take yi da ɗan rashin tabbas ɗinta a ciki, ba ya damunta. Ni kuwa na nace sai na sami tabbacin da ba a ba ɗan Adam ba. Duk ƙara dubawa kuma ƙara dusashe abin yake yi. In na kalli makunnin gas sau ɗaya, na san a kashe yake. In na yi ta kallonsa, sai in rasa ma me nake kallo. Kada ki yi gardama da tunanin, kada ki kawo masa hujja. Ya fi ki iya gardama, domin da ƙwaƙwalwarki yake aiki.

Maman Ifeoma mai shagon kayan masarufi na jikin gidanmu ita ta fara kiran abin da ciwo. Na je sayen sabulu, ta riƙe hannuna ta juya shi tana kallo. Ta ce, "Maman Walida, ina da ƙane a gida, haka yake. Shi addu'a yake maimaitawa, in ya yi kuskuren kalma ɗaya sai ya koma farko, har a rufe coci yana durƙushe. Mun ce aljanu ne. Ashe likita yana da magani." Ashe abin bai san masallaci ko coci ba, duk abin da mutum ya fi girmamawa shi yake kamawa. Ita ta rufe shagonta ta raka ni asibiti, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, na ja mayafi har hanci kada a gane ni.

Likitar mace ce, ba ta girme ki da yawa ba yanzu. Ta saurare ni ba ta yi mamakin komai ba, ta faɗi sunan ciwon da Turanci, ta ce ba hauka ba ne kuma ba raunin imani ba ne. Ta rubuta mini magani, ta ce in riƙa zuwa ana koya mini yadda zan taɓa abin da nake ƙyama in zauna ban wanke ba. Bayan 'yan watanni na fara jin sauƙi. Kina iya tunawa, lokacin kina sakandare, akwai wata salla ƙarama da muka je gidan zu kallon namun daji mu uku, na ci gurasa a hannun mai talla, Abbanki yana ta satar kallona yana murmushi. Wannan ne lokacin. Sai Gwaggonki Talatu ta hange ni ina fitowa daga ɓangaren. Ta zo gida ta same ni ta ce, "Binta, ki rufa wa yarinyar nan asiri. In aka ji uwarta tana karɓar maganin mahaukata, wa zai zo neman aurenta?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Na zubar da maganin, ban koma ba, na ce don ke na yi. Ki duba abin da na tsare miki da abin da na bar miki, ki gaya mini wanne ya fi nauyi. Idan kin sauka kin huta, ki nemi asibiti ki tambayi likitan ƙwaƙwalwa tun abin yana bakin famfo, bai bazu ba. In an ba ki magani ki sha, in an ce ki dawo ki koma. Duk namijin da zai fasa aurenki saboda wannan, gara ya fasa tun a waje.

Sauran kin sani, kina wurin. Da ciwon ƙoda ya kwantar da Abbanki, ke kike juya shi, ke kike zubar da robar fitsari, ni ina tsaye daga nesa da buta. Ranar da jikin ya yi tsanani ya buɗe ido ya miƙo mini hannu. Na ga hannun ya taɓa zanin gadon, zanin gadon kuma ya taɓa robar. Wallahi zuciyata tana wurinsa, amma hannuna ya ƙi tafiya. Na naɗe shi da gefen mayafi sannan na kama nasa. Ya dubi mayafin, ya dube ni, ya ɗan yi murmushi ya ce, "Bar shi kawai, Binta." Ya mayar da hannunsa kan ƙirji. Bai ƙara miƙo shi ba har Allah Ya karɓi abinsa. Na tsare tsarkin tufafina, mijina ya tafi ban taɓa fatarsa ba. Abin da ciwon nan yake yi ke nan. Yana ce miki yana tsare miki addini da gida da mutanenki, alhali su yake ɗauke miki ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ina sa ran warkewa ba. Maman Ifeoma tana ta yi mini maganar komawa asibiti, ina cewa to. Wataƙila in koma, wataƙila in kai bakin titi in juyo. Na tsufa a cikin abin nan, ban san wace ce ni ba in babu shi. Ba na kuma da tabbacin takardar nan za ta yi miki amfani, domin duk abin da na rubuta an faɗa mini shi, na ji, na yarda, ban iya ba. Abin da kika fi ni da shi ɗaya ne, naki bai yi jijiya ba tukuna, kuma za ki yi nesa da ni.

Shi ya sa nake roƙonki abu mai wuya. Na san kaina. Kina tafiya zan fara kiranki a waya. Zan ce miki na idar da magariba amma ban san ko uku na yi ba, me kike gani? Zan ce na taɓa ƙofar banɗaki sannan na taɓa tulu, in zubar da ruwan? Zan yi kuka, zan ce ba ki tausayina, zan iya tuna miki da nonon da kika sha. Ki gaishe ni, ki tambayi jikina, ki ba ni labarin garin da ɗalibanki. Amma wannan tambayar kada ki amsa ta. Ki ce, "Mama, sai anjima," ki kashe wayar. Ba saɓa wa uwa kika yi ba, ni na umarce ki yau da nake cikin hankalina. Ke ma in naki ya taso kada ki kira ni, domin zan ce ki koma ki sake.

Abu na ƙarshe. Ki yafe mini yarintarki da na cinye, da marin nan, da abin da na gadar miki. In kin karanta kin ga za ki iya yafewa, ki faɗa mini sau ɗaya. Zan ji daɗi na ɗan lokaci, sannan zan fara shakkar ko da gaske kike, ko don kunya kika faɗa, ko ma na ji daidai. Zan sake tambayarki. Kada ki maimaita, Walida. Ki bar ni da ta farkon, ko da ba zan iya riƙe ta ba.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da abin da zuciya take saƙawa. Allah Ya ba ki natsuwar da ban samu ba, Ya sa ki gama lafiya. Allah Ya jiƙan Abbanki, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta.